Tambayi Makanikin Ruwa: Haɗa Agogon Juyin Inji da Karanta Shi

Wasiƙun wannan fitowa daga bakin kogi suka zo, Yauri da Ngaski da Bagudo da Argungu da wasu wuraren, kuma duk a kan abu ɗaya: agogon da ke nuna sau nawa injin jirgi ke juyawa a minti ɗaya, wanda ake kira takomita. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina fito da jirgin katako daga Yauri, injina Yamaha ne mai doki 40, irin mai tashi da makulli. Ɗan'uwana ya aiko mini da agogon juyi daga Legas, babu takarda a kwalin. A bayansa akwai ƙusoshi huɗu da wani ɗan maɓalli mai lambobi. Mai rewayar mota ya ce bai taɓa haɗa na jirgi ba. Ina kowace waya za ta? Daga mai jirgin fito, Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai rewayar nan ya kyauta da ya faɗi gaskiya, don da ya haɗa shi irin na mota, da yanzu kana neman sabon akwatin CDI, na'urar da ke ba filogi wuta. Agogon tsohuwar mota daga kwayil ɗin filogi yake ƙirga, kuma da yawan silinda ake saita shi. Na jirgi ba haka yake ba. A ƙarƙashin murfin injinka akwai filawil, faifan ƙarfen nan da ke juyawa a sama, da maganaɗisu a cikinsa. A ƙasansa akwai kwayil ɗin caji. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta ta gaban kwayil ɗin, wuta takan buga ta koma. Wannan bugun ne agogon ke ƙirgawa. Saboda haka wayar sigina daga wayoyin kwayil ɗin caji za ta fito, kafin su shiga rektifaya, na'urar da ke gyara wutar don cajin batir. In ka ɗauko daga bayan rektifaya, wutar ta riga ta miƙe, babu bugun da za a ƙirga, allura ba za ta motsa ba.

Dubi rubutun da ke gefen ƙusoshin. Mai IGN, ko I, ko alamar tarawa, shi ne na wutar bolt 12 da ke zuwa in an murɗa makulli. Mai GND ko G na at ne, wato ɓangaren batir mai alamar ragi. Mai SEND ko SIG ko S na sigina ne. Mai L na ƙwan da ke haska fuskar agogon da dare.

A Yamaha launukan haka suke: kore na sigina, ruwan ɗorawa na wutar makulli, baƙi na at, shuɗi na fitila. In injinka na da akwatin giya da totur a gefen direba, za ka tarar da kore da ruwan ɗorawa da baƙi sun leƙo daga jikin akwatin da kawunansu a rufe, jiran agogo suke. In babu su, buɗe murfin inji ka bi wayoyi biyu masu kore da suka sauko daga ƙarƙashin filawil zuwa rektifaya, ka ɗauki sigina daga mahaɗar ɗaya daga cikinsu. Ɗaya kawai. Ba a yanke ta, reshe ake fitarwa.

Masu wasu injuna su yi hattara da launi. A Mercury da Johnson da Evinrude, ruwan toka ne sigina, shunayya ce wutar makulli. A Suzuki kuwa ruwan toka wutar makulli ce, ruwan ɗorawa ne sigina, wato kishiyar abin da mai Yamaha ya saba da shi game da ruwan ɗorawa. Wanda ya haddace launin wani inji ya kai shi kan wani, shi ke ƙona agogo tun ran farko.

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir mai alamar ragi, ka fitar da tankin fetur da jarkoki daga jirgin. Tururin fetur a ƙasan jirgi yake kwantawa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Nemi waya mai silin jan ƙarfe da yawa, kaurin milimita 1 zuwa 1.5, ba mai sili ɗaya ta wayarin gida ba, wadda girgiza ke karyawa. Sa fiyus mai amfiya 3 zuwa 5 a kan wayar wuta, kusa da inda ka ɗauko ta. Ramin agogon a allo yawanci faɗin milimita 85 ne. Wayar fitila za ka iya haɗa ta da ta makulli da ɗan guntun waya, ƙwan ya riƙa ci duk lokacin da inji ke aiki. At ɗin ya koma jikin inji ko kan batir kai tsaye; jirgin katako ba shi da bodin ƙarfe da zai mayar maka da wuta. Kowace mahaɗa a matse ta da kan waya na ƙarfe, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, a shafa ɗan giris. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kai damina ɗaya a kan ruwa. Ka bi da wayoyin ta saman gefen jirgi, nesa da wayar filogi, nesa da inda ake kwarfar ruwa da inda fasinja ke taka ƙafa.

Waya ɗaya ce ba a kusanta: wayar kashe inji, wadda fara ce a Yamaha. Wutar CDI ce a cikinta, mai ƙarfi sosai, kuma in bolt 12 ya shige ta, akwatin ya tafi.

In ka gama, mayar da kan batir, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Allura ta zauna a kan sifili. Sannan ka tayar, ƙafar inji na cikin ruwa. Maɓallin mai lambobi kuwa, amsarsa na cikin tambaya ta gaba.

TAMBAYA: Mun ɗaura agogo a injin Yamaha mai doki 40. Inji na kuka lafiya, jirgi na gudu yadda ya saba, amma ko an ba shi wuta duka allura ba ta wuce 2,500. Wani ya ce injin ya gaji, a sauke shi a sa sabon ringi. Gaskiya ne? Daga wani matuƙi a Wara, ƙaramar hukumar Ngaski.

AMSA: Kada a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna, ɗan'uwa. Injin da ya tsaya a 2,500 na gaske, ba sai agogo ya gaya maka ba, jirgin ma da ƙyar zai haye ruwan Wara. Kusan tabbas saitin bayan agogon ne bai dace da injin ba.

Kowane inji da yawan fol ɗinsa, wato kawunan maganaɗisun da ke bugun kwayil. Akwai mai 4, akwai mai 6, akwai mai 12. Bugun da ake samu a juyi ɗaya rabin yawan fol ne: mai 4 na ba da biyu, mai 6 na ba da uku, mai 12 na ba da shida. Agogon bai san inji ba, abin da aka gaya masa da maɓallin nan yake bi. In injinka mai fol 6 ne aka bar maɓalli a 12, agogon na jiran bugu shida kafin ya ƙirga juyi ɗaya, alhali uku ake ba shi, sai ya nuna rabi. Inji na 5,000, allura na 2,500. Lissafin ya yi daidai da abin da ka gani. Da a 4 aka bar shi, da ya nuna 7,500, a ce maka injin zai fashe.

A Yamaha masu gauraya mai da fetur, ƙanana irin doki 15 galibi fol 4 ne, matsakaita irin naka galibi 6, manya 12. Sai dai akwai tarko a rubutun maɓallin. Agogon Yamaha na ainihi in ya rubuta 6P, fol shida yake nufi. Wasu kamfanonin kuwa in sun rubuta 6P, bugu shida suke nufi, wato fol 12. A irin wannan agogon, injinka 3P yake so. In ka ga lambobin maɓalli sun ƙunshi 2P da 3P da 5P da 6P, bugu ake ƙirgawa. In ka ga 4P da 6P da 12P, fol ne.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. In mitar mai rewaya na da ma'aunin Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa ɗaya, ɗora tsinkayenta a kan wayoyin kwayil ɗin caji biyu, inji na silo, wato yana aiki ba a murɗa totur ba. Injin da ke silo a 1,000 zai ba da kusan 33 in fol 4 ne, 50 in 6 ne, 100 in 12 ne. Da ka san fol ɗin, juyin inji a kowane lokaci shi ne lambar Hz sau 60, a raba da yawan bugu. Ko kuma ka aro ƙaramin agogon da ake naɗawa a wayar filogi ka gwada su tare. Kashe makulli kafin ka murɗa maɓallin, kuma ka tabbata ya faɗa cikin gurbinsa. In ya tsaya tsakanin lamba biyu, allura sai ta yi ta rawa. In maɓallin ya daɗe yana shan raɓa, murɗa shi gaba da baya sau da yawa ya goge tsatsar ciki.

TAMBAYA: Ni masunci ne, injina mai doki 15 ne na jan igiya, ba batir ba makulli. Akwai agogon da zai yi mini, ko sai masu manyan jirage? Daga wani Basarke a Dole Kaina, ƙaramar hukumar Dandi.

AMSA: Akwai, Baba, kuma shi ya fi sauƙin ɗaurawa. Ɗan ƙaramin agogo ne mai nuna lambobi, girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba, da batirinsa a ciki, da waya guda doguwa. Ba ya shan wutar inji. Ƙarshen wayar ake naɗawa sau huɗu ko biyar a jikin wayar filogi, a kan robar, ba tare da an fere ta ba, tazarar yatsu uku daga hular filogi, a ɗaure da ɗan zaren roba kada ta warware. In irin mai waya ta biyu ne, a ɗaure ta a wata ƙusa a jikin inji. Ka fito da wayar ta ramin roba na ƙasan murfi, kada murfin ya danne ta, kada kuma ta kusanci filawil ko igiyar tayarwa.

Shi ma yana da saiti, amma na tartsatsi. Injin gauraya na kunna kowane filogi sau ɗaya a juyi ɗaya, to saitin tartsatsi ɗaya a juyi za ka fara gwadawa. Wasu injuna masu silinda biyu suna kunna filogi biyun tare, sau biyu a juyi. In ka ga silo na nuna 1,800 alhali kunnenka ya san inji a kwance yake, irin wannan ne, sai ka mayar da saitin zuwa tartsatsi biyu. In lambobi na tsalle ba dalili, rage naɗi ɗaya, ka nisanta wayar daga ta ɗaya filogin. In yana ɗaukewa, ƙara naɗi ɗaya.

Akasarinsu suna ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki, kuma ga masunci wannan ya fi juyin amfani. Man giyar ƙafa ana sauya shi duk awa 100, da mai lamba 90, kuma ba wanda ke iya riƙe awa 100 a ka tsakanin zuba koma da ɗagawa. Ranar sauyawa ka dubi launin tsohon man. In ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga, yawanci zaren kamun kifi ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare mai. Aibin irin wannan agogon ɗaya ne: da yawansu batirin a liƙe yake, in ya ƙare sai a sayi wani, kuma rana na cinye fuskarsa, don haka a ɗaura shi inda yake da inuwa.

TAMBAYA: Agogona na aiki daidai, mun gwada shi da na wani. Ina ɗaukar shinkafa da albasa zuwa kasuwa da injin Yamaha Enduro mai doki 40. Jirgi ba kaya, allura na kai 4,900. Da kaya ba ta wuce 4,100. Filogi na yin baƙi duk mako, mai kuma na tafiya. A jikin farfela an rubuta 11 1/8 x 13-G. Mai kayan gyara ya ce in sayi babbar farfela in ƙara gudu. Me kuka gani? Daga wani ɗan kasuwa, Shanga.

AMSA: Alhaji, wannan ce tambayar da aka ƙera agogon dominta, kuma shawarar da aka ba ka a juye take.

Kowane inji na da iyakar juyin da kamfani ya ce ya kai in an buɗe totur duka. Ga Yamaha Enduro irin naka, 4,500 zuwa 5,500 ne. Masu zagaye huɗu, waɗanda ba a gauraya musu mai, da yawansu 5,000 zuwa 6,000 ne. Sharaɗin shi ne a auna da kayan da jirgin ya saba ɗauka, ba jirgi wayam ba. Naka na 4,100 da kaya, ya gaza da 400. Injin jirgi ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu, farfela ce giyarsa. Abin da kake yi yanzu daidai yake da tirela ta ɗauko siminti ta nufi hawa a giya ta sama. Totur a buɗe, fetur na kwarara, fistin bai samu saurin da zai ƙone shi ba. Daga nan baƙin filogi yake, da gawayin da ke taruwa ya liƙe ringi, da zafin da ke cin kan fistin a hankali har ranar da inji zai kama a tsakiyar ruwa.

Lambobin jikin farfela biyu ne. Ta farko, 11 1/8, faɗinta ne da inci. Ta biyu, 13, takunta ne, wato inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya da ruwa ba ya zamewa. Harafin G na nuna jerin injunan da take shiga. Ƙa'idar da makanikai ke aiki da ita: rage taku da inci ɗaya na ƙara juyi 150 zuwa 200, ƙara shi na rage haka. In ka sauko daga 13 zuwa 10, wato 11 3/4 x 10-G, za ka samu ƙarin 450 zuwa 600. Da kaya za ka koma wajen 4,550 zuwa 4,700, ba kaya 5,350 zuwa 5,500. Duka biyun sun shiga cikin iyaka. Taku 9 zai fi daɗi da kaya, amma a dawowa jirgi wayam zai iya haura 5,500, sai dai in direbanka mai kallon allura ne yana sassauta hannu. A jirgin katako mai nauyi lissafin nan kusantarwa yake yi, don haka in da hali ka aro farfelar wani ka gwada tafiya ɗaya kafin ka biya kuɗi. Da ka bi maganar mai kayan gyara ka hau 14, da ka sauka ƙasa da 4,000.

Amma kafin a ɗora wa farfela laifi, a wanke injin daga zargi. Inji a kashe, murɗa totur har ƙarshe ka leƙa kafireta, faifan ciki ya buɗe sarai; kebur da ya saki kan hana shi. Duba filogi biyun: in ɗaya ya jiƙe ɗaya ya bushe, silinda ɗaya ce ke aiki da rabi. A auna matsin silinda biyun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Duba matatar fetur, da ƴar ƙusar iska ta murfin tanki, da kwan roban da ake matsawa. In ya shafe yayin gudu, fetur ba ya isowa. Gaurayen mai ya zama 50 da 1, rabin lita na man 2T a lita 25 na fetur. Zuba fiye da haka don tausayin inji baƙin filogi kawai yake ƙarawa. Sannan jirgin kansa: ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin dandamali nauyi ne, gansakuka a gindi birki ce, ƙafar inji da aka cusa can ciki tana danna hancin jirgi cikin ruwa. Farfela mai lanƙwasasshen kunne ma tana cin juyi.

Gwajin a yi shi a ruwa mai zurfi, inji ya ɗumama, a buɗe totur duka na rabin minti zuwa minti ɗaya har allura ta tsaya. Ko kana bin ruwa ko kana haurawa, juyin kusan ɗaya ne. Gudun jirgi ne ke bambanta. Kada a gwada a firi, wato ba a sa giya ba, ko a cikin duro. Inji ba kaya zai haura iyaka cikin ƙiftawar ido, lambar kuma ba ta gaya maka komai.

Da ka samu farfelar da ta dace, agogon zai fara mayar maka da kuɗinsa a wajen mai. Irin injinka na shan kusan lita 20 a awa in an buɗe shi duka. Kunna ma'aunin gudu na wayar hannu, ka rubuta gudun jirgi a 3,500, da 4,000, da 4,500. Jirgin kaya mai nauyi yana da gudun da in ya kai, ƙarin wuta igiyar ruwa kawai yake tayarwa a baya. In ka ga daga 4,000 zuwa ƙarshe kilomita ɗaya ko biyu a awa kaɗai aka ƙaru, to wajen 4,000 ne mazaunin tafiyarka. Tafiya a 4,000 da totur a sassauce ba ta cutar da inji. Wadda ke cutarwa ita ce 4,000 da totur a ƙure.

In kuwa an sauko har taku 9 allura ba ta taɓa 4,500 ba, inji kuma lafiya lau, kayan ne suka fi ƙarfin jirgin da injin. Wannan ba farfelar da ke gyara shi, sai rage buhu. Mutanen wannan yanki ba su manta da hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 ba.

TAMBAYA: Wani lokaci ina cikin tafiya sai allura ta yi sama, inji ya yi ƙara, jirgi kuma ya rage gudu. In na sassauta sai ya kama. Agogon ne ko injin? Daga mai jirgin haya, Zamare.

AMSA: Tunda kunnenka ya ji ƙarar tare da tashin allura, agogon gaskiya ya faɗa: farfela ce ta saki ruwa. Abu uku ke kawo haka.

Na farko ciyawa. Kainuwa ko leda ko guntun koma in suka rufe gaban ƙafa, farfela sai ta juya cikin kumfa. Koma firi, sa ribas kaɗan, in bai fita ba kashe inji ka ɗaga ƙafa. Ka kuma dubi fitsarin inji, wato siririn ruwan sanyaya shi da yake fitarwa, don abin da ya rufe farfela yakan rufe ramukan shan ruwa.

Na biyu iska. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan fi shi nutsewa. Gajeriyar ƙafa ta allon baya mai tsawon inci 15 ce, doguwa ta inci 20. In an ɗaura gajeriya a dogon allo, ko fasinja suka taru a gaba baya ya ɗago, farfela na jawo iska daga sama, musamman a kwana ko in iska ta tayar da igiyar ruwa a tafki.

Na uku, wanda muka fi zargi a wajenka, robar cikin farfela. Tsakanin bututun da ke kama sandar inji da jikin farfela akwai roba da aka danna da ƙarfi, aikinta ta zame in an bugi wani abu don giya ta tsira. Tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, kuma in ruwa ya janye sukan matso sama. Bugu ɗaya ya isa ya sassauta robar. Daga nan tana riƙewa a ƙaramar wuta, ta zame a babba. Gwaji: cire farfela, ja layi da fenti ko ƙusa daga bututun tsakiya zuwa jikinta ta baya, mayar, yi tafiya har abin ya faru, sake cirewa. In layin ya rabu biyu, robar ta tafi. Ana iya danna sabuwa, amma cusa ƙusoshi ko yi mata walda na mayar da bugun gaba kan haƙoran giya, waɗanda suka fi farfela tsada nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Agogona ya yi shekara yana aiki. Yanzu allura na rawa, wani lokaci ta faɗi sifili inji na gudu. Batir ma ya fara mutuwa. In sayi sabon agogo? Daga wani mai karatu, Bagudo.

AMSA: Riƙe kuɗinka, Malam. Allura da batir da suka lalace tare, rektifaya suke nunawa, don a kan waya ɗaya suke. In ɗaya daga cikin diyod ɗin da ke cikinta, wato ƴan na'urorin da ke barin wuta ta bi fuska ɗaya kawai, ya ƙone, caji na raguwa, bugun da agogo ke ƙirgawa kuma ya hargitse.

Auna batir inji a kashe. Cikakke na ba da wajen bolt 12.6. Tayar, cikin ruwa, a giya, ka kai wajen 3,000. In lambar ba ta haura 13 ba, caji ba ya zuwa. Kashe inji, cire batir, zare wayoyin rektifaya, sa mita a alamar diyod. Tsakanin kowace koriyar waya da ja, mita ta nuna wajen 0.4 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, in ka juya tsinkaye ta nuna a buɗe. Haka tsakanin kowace koriya da baƙa. Wadda ta karanta ta fuska biyu, ko ta ƙi ta kowace fuska, ta mutu. Wannan gwajin na rektifaya zalla ne. Mai haɗe da regileta, na'urar daidaita ƙarfin caji, sai da littafin injin. Kwayil ɗin caji kuma, tsakanin wayoyinsa biyu mita ta nuna a haɗe suke, tsakanin kowace da jikin inji ta nuna a rabe.

Kafin ka sa sabuwa, nemo abin da ya kashe tsohuwar, in ba haka ba ita ma za ta bi ta. Abubuwan sanannu ne: juya kan batir ko da na daƙiƙa ɗaya, cire batir inji na aiki don a tayar da wani jirgin ko a kai shi cajin waya, da kan batir mai sako-sako da ke haɗuwa yana rabuwa da girgiza. Ɗaure shi da noti da sifana, ba da hannu ba. In caji lafiya yake amma allura na rawa, koma kan at da mahaɗun bayan agogo, ka kankare koren tsatsa. In kuma wata rana ka ga inji da kansa ya ƙi wuce wajen 2,000 yana kakkarwa, kada ka zargi agogo: injunan da ke da na'urar gargaɗi haka suke rage kansu in sun yi zafi. Kashe shi ka duba hanyar ruwa da robar famfo.

TAMBAYA: Na sayi sabon inji a kwali. An ce kada in ba shi wuta sosai da farko. Nawa ne sosai? Daga wani matashi, Argungu.

AMSA: Allah ya sa albarka, ƙanena. Ga Yamaha mai gauraya, horon awa 10 ne, da mai ninki biyu, wato 25 da 1, lita ɗaya ta 2T a lita 25 na fetur. Minti 10 na farko silo kawai. Minti 50 na gaba kada ka wuce rabin totur, wajen 3,000. Awa biyu masu biyowa ka tsaya wajen 4,000, kana hawa kana sauka, kada allura ta daɗe a wuri ɗaya. Sauran awa bakwai ka yi tafiyarka, amma kada ka riƙe shi a ƙure fiye da minti 5 a jere. A wannan lokacin ɗauki kaya marasa nauyi, ka riƙa waiwayar fitsarin inji. Da awa 10 ta cika, sauya man giyar ƙafa, duba filogi, sake ɗaure ƙusoshin da suka kama inji da allon baya, ka koma 50 da 1, sannan ka loda jirgin yadda zai riƙa aiki ka gwada ko farfelar da ta zo a kwalin ta kai shi 4,500 zuwa 5,500.